Kalmar da Ban Tambayi Ramanu Ba

Kebbe,
ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta riske ka a Sakkwato cikin ƙoshin lafiya, kafin a kwashe ku zuwa Ikko ku hau jirgi. Innarka tana gaishe ka, ƙanwarka Nana ma haka. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya tsare ka bisa ruwan da anka ce za ku yini kuna ƙetarewa.

Har yanzu in na zauna na tuna wai ɗan da na haifa zai tafi Filifin koyon noman shinkafa, sai mamaki ya kama ni. An ce lokacin da muke sallar azahar a nan, su can sun riga sun yi isha'i. Subhanallahi. Kakanka shekara fuɗu ya yi a hanyar Makka da ƙafa, kai kuwa za ka wuce Makka nesa cikin kwana biyu, kana zaune ana kawo maka shayi. Ban san abin da zan ce da wanga zamani ba sai dai in yi ta tasbihi.

Ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Ranar da ka zo yi muna bankwana na ga wani ɗan littafi na harshen mutanen can, wanda suke kira Tagalog, da anka raba muku. Da shi kake fifita. Na tambaye ka ko ka fara duba shi, ka ce, "Baba, ai can kowa na jin Turanci." Ban ce maka komai ba a gaban innarka, amma wallahi muryata na ji a bakinka, kuma na tsorata. Akwai haƙƙin wani mutum a wuyana, yana can ƙasar da za ka, kuma irin wagga magana taka ce ta ɗora mini shi. Kai ne kaɗai hanyar da Allah ya buɗe mini in sauke, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ka san Ramanu, ko da yake sau ɗaya ka gan shi, lokacin da ka zo hutu daga makarantar aikin gona. Sunansa Ramon, mutanen Tambuwal sunka mayar da shi Ramanu, shi kuma ya amsa. Gwamnati ta ɗauko shi bayan an raba jiha, lokacin da kuɗin mai ya sa ake kawo malamai da likitoci daga ko'ina. Anka ajiye shi Tambuwal ya duba noman shinkafa a fadamunmu, ni kuma anka haɗa ni da shi a matsayin malamin gona. Gajere ne kakkaura, Kirista, ya baro mata da ɗiya uku a gida. Mu uku muke yawo a motar ofis, ni da shi da direba Ummaru. Aiki da Turanci muke yi, amma a aljihun rigarsa akwai ɗan littafi da guntun fensir, kuma tambayar da ya fara riƙewa da Hausa ita ce, "Mi sunan wanga?"

Kai, Haliru, mutumin nan ya yi tambaya. Ya tambayi mai fura, ya tambayi maƙeri, ya tambayi Bafillatanar da ta kawo nono. In an faɗa masa sai ya maimaita, a yi masa dariya, shi ma ya yi, ya sake maimaitawa har a ce ya yi daidai. Ni kuwa kunya nake ji. Ina ganin babban ma'aikaci mai digiri bai kamata ya tsuguna gaban mai tallar gyaɗa yana koyon magana ba. Ni ɗan gidan malamai ne, na yi Larabci a zaure, na yi Turanci a makaranta, ina jin Fillanci. A ganina in mutum ya yi tambaya ya nuna bai sani ba, kuma ban taɓa son a ga ban sani ba.

Wata rana a fadamar Sanyinna ya tumɓuko ciyawa iri biyu daga cikin ruwa ya miƙo mini. Ɗaya na san burugu ce. Ɗayar ban san sunanta ba, amma manoma na tsaye, sai na ce duk burugu ne. Har ya fara rubutawa, wata tsohuwa da ke yankar wa awakinta ciyawa ta ɗago ta ce ƙarya malamin gona yake yi, wanga burugu, wancan roba. Ta karɓe su daga hannunsa ta nuna masa bambancinsu a kara da ganye, ta gaya masa wadda ta fi cin shinkafa da lokacin da ya kamata a cire ta. Ya tsuguna cikin laka yana rubutu kusan rabin sa'a. Abin da ta faɗa ranar nan babu shi a littafin da na ci jarrabawa da shi. Ni ko haushin tsohuwar na ji. To in ka je can, manomi zai san abin da malaminka na aji bai sani ba, kuma da harshensa ya san shi. Ka tsuguna ka tambaye shi. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ba a taɓa korar kowa daga aiki a kan haka ba.

Ramanu yana da wata ɗabi'a. Duk kalmar da ka ba shi, sai ya ba ka tasu a madadinta, ko ka nema ko ba ka nema ba. Ni ban taɓa nema ba, amma wasu sunka maƙale mini a kai don dole, kuma su ne kawai guzurin da zan iya ba ka. Shinkafa tana gona ko tana shanshera, palay suke ce mata. In an cashe ta, bigas. In an dafa, kanin. Ranar da ya faɗi wannan na ce ƙanin wa, Ummaru ya yi dariya har ya kusa saka mu a rami. Ƙanzon gindin tukunya ma da sunansa, tutong, kuma ya ce ɗiyansa faɗa suke yi a kansa kamar yadda kuke yi kuna yara. Abin ya tsaya mini a rai. A ce a bangon duniya, bayan teku nawa, akwai yara masu kankare gindin tukunya suna rigima!

Wanda ya fi girgiza ni a kasuwar Jabo ne. Wata yarinya ta ƙwala kira, Inna, Inna. Sai na ga Ramanu ya juya da sauri ya tsaya cak. Da ya dawo hayyacinsa ya ce a harshensu uwa ita ce ina. Godiya kuma salamat suke cewa, ka ji ta kusa da salama. Na kai maganar zaure, malamai sunka yi ta jujjuya ta, wani ya ce fataken Larabawa ne sunka kai, wani ya ce ai dama bambancin harsuna yana cikin ayoyin Allah, kamanninsu ma haka. Ni dai na kwana ina mamaki, amma ko a lokacin girman kai bai bar ni na koma na ce masa ƙaro mini wata ba.

Ka riƙe kalmar baboy tun kafin ka sauka jirgi, shi ne alade, kuma ya ce suna saka shi a abinci da yawa. Kada ka ji nauyin tambayar mai abinci, ka nuna da yatsa ka tambaya kowane kwano. In kana magana da babba ka riƙa ƙara po a ƙarshe, ita ce ladabinsu, kamar yadda muke cewa ranka ya daɗe. Bakinmu ba ya iya ta, fo za ka ce, za su yi dariya, ka bar su su yi. Ramanu ma har ya tafi bai iya cewa fadama ba, padama yake cewa. Allah ya hana su fa, mu ya hana mu pa, kowa da inda anka rage masa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da anka haifi Nana kana makaranta. Washegari na je Tambuwal na iske Ramanu a ofis na gaya masa. Ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu. A lokacin Hausarsa ta fara kama ƙasa, don haka da Hausa na ce masa ranar suna zan zo in ɗauke shi a babur, ya zo Kebbe ya ci tuwon gidana, in zo? Ka sani ban yi wagga gayyata da sauƙi ba. Shi gidan ma'aikatan gwamnati yake, da firiji da fanka, ni gidan ƙasa. Kuma wani abokin aiki ya taɓa ce mini waɗannan baƙin dariya kawai suke yi da mu, ba za su sa hannu a akushinmu ba. Na ce in zo? Sai ya ɗaga gira sau biyu, yana dariya, ya ce, "O'o! O'o!"

Ka san abin da o'o take nufi a bakin Bahaushe. Ko a'a ta fi ta mutunci, o'o ta yaron da anka aika ya ƙi zuwa ce. Na ce a raina lalle a wurin yaran kasuwa ya tsinto ta, kuma ni ya ga dama ya jefa da ita, da ɗaga gira, da dariya, a gaban masinjan ofis. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na zare hannuna na ce to madalla, na fita. Kalma ɗaya ta isa, Haliru. Da na ce masa mi kake nufi, da an gama. Mutumin da na yi shekara biyu ina kallo yana tambayar kowa komai, ni ban iya tambayarsa abu ɗaya ba.

Anka yi suna ban je ɗaukarsa ba. Kwana biyu bayan nan Ummaru ya kawo mini ƙunshi, turmin atamfa da sabulu, wai in ji Ramanu a ba mai jego. Na ce wato ya ƙi kawo ƙafarsa ya aiko da kaya, ni ba mabaraci ba ne, a mayar masa. Ummaru ya buɗe baki zai yi magana na daka masa tsawa, ya ɗauki ƙunshin ya tafi. Daga nan aiki kawai ya rage tsakaninmu. Sau biyu Ramanu ya tare ni yana tambaya ko ya yi mini laifi, na ce ba komai. Ya daina ba ni kalmominsu. Yana dai tambayar manoma, amma in ya juyo wajena sai ya mayar da littafin aljihu. Da kwangilarsa ta ƙare bayan damina anka yi masa walima a Tambuwal, na ce ina da ciwon kai.

Shekara ta zagayo, Nana ta yi zazzaɓi mai zafi munka kai ta asibiti. Akwai nas biyu 'yan ƙasar su Ramanu. Ina tsaye riƙe da yarinya, ɗaya ta tambayi 'yar'uwarta wani abu da harshensu, waccan ta ɗaga gira ta ce o'o, kuma ta miƙa mata abin da ta nema. Na ce ikon Allah, ta ƙi kuma ta bayar? Can ta sake tambaya, ta sake cewa o'o, ta tashi ta yi abin. Karo na farko a rayuwata na tambayi baƙo ma'anar kalma. Na ce da Turanci, 'yar'uwa, wannan o'o da kike cewa mece ce? Ta yi murmushi ta ce ai ita ce i a harshensu, ɗaga girar ma i ce.

Ban san yadda na fito daga ɗakin nan ba. Kalmar da ta fi kowace ƙanƙanta, ita ce ba mu taɓa musanyawa ba, don ya zo da i da a'a na Hausa tun daga Sakkwato, kuma wa zai zauna yana tambayar i? Sauti ɗaya, Allah ya sa shi ƙi a bakinmu, ya sa shi yarda a bakinsu, ya kuma haɗa mu a ofis ɗaya. Murna ce ta kama mutumin nan har Hausa da Turanci sunka gudu daga kansa, harshen uwarsa ya fito. Abin da ya fi kowane girma da zai iya ba ni ke nan, ni kuma na ɗauke shi zagi.

Da Nana ta samu sauƙi na nemi Ummaru. Bai yi mini da sauƙi ba, kuma bai kamata ya yi ba. Ya ce, "Malam, ranar suna tun hantsi Ramanu yaz zauna ƙofar gida cikin farar riga tasu mai aiki a gaba, da ƙunshi bisa cinya. Duk babur da yaw wuce sai ya miƙe. Sai da anka kira la'asar yash shiga ciki." Ya ce kwana uku Ramanu yana bin sa yana tambayar abin da ake kai wa mai jego da abin da ake faɗa a wurin suna, yana ta maimaita Allah ya raya har ya iya. Da na mayar da kayan, Ramanu ya tambaye shi ko don shi ba Musulmi ba ne manyan gidanmu sunka hana a kawo shi. Ummaru ya ce bai sani ba, don shi ma abin da ya zata ke nan. Ramanu ya ce in haka ne ya fahimta, kada a tayar mini da maganar a ba ni kunya.

Ka ji abin da ke hana ni sukuni. Baƙo ya zo ƙasarmu, ya tsuguna cikin lakarmu, ya koyi sunan ciyawarmu, ya koma gida yana zaton gidan malamai na Kebbe ya ƙi shi saboda addininsa. Ƙarya ce anka yi wa gidanmu da addininmu, kuma ni na yi ta. Kakarka da ta ji labarinsa cewa ta yi a kawo mata shi ta ga mutumin da ke kiran uwarsa Inna.

Ya bar adireshinsa a wurin Ummaru. Na rubuta masa takarda da Turanci, shekara biyu ke nan, ba amsa. Ko ta ɓata a hanya, ko ya tashi daga garin, ko ya karanta ya ajiye, Allah ne masani. Da na sake duba kwafinta na ga ma ba takardar neman gafara ba ce, bayani ne irin na ofis, ina ta nuna yadda kuskuren ya faru kamar laifin harshe ne. Ka kiyayi wannan, in ka ɓata wa mutum kada ka tsaya yi masa lacca.

Zan gaya maka wani abin kunyar kuma, tunda na fara. Ranar asibiti ya kamata in tambayi nas ɗin nan yadda ake cewa ka yafe mini da harshensu. Na ce sai na dawo. Da na dawo an yi mata canjin wurin aiki. Akwai 'yan ƙasarsu da ke koyarwa a Sakkwato, na sani. Sau biyu ina zuwa har ƙofar wata makaranta, in tsaya, in tuna za a tambaye ni wa na yi wa laifi, in juya babur. Da furfurata da komai, halin nan bai sake ni ba. Shi ya sa da na ji ka ce kowa na jin Turanci hankalina ya tashi, don na san inda ka gado shi.

Ga adireshin nan na kwafe a bayan takarda. An ce garin yana arewa da Manila, tafiyar rabin yini a mota, ƙasar shinkafa ce. Atamfar tana wurin Ummaru duk shekarun nan, Ramanu ya bar masa ita ya ce ya ba iyalinsa, shi kuma ya kasa. Na karɓo, innarka ta ɗinka wa Nana riga da zane, mun kai ta Tambuwal an ɗauke ta hoto a ciki. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, kada ka lanƙwasa shi.

In kun sami hutu ka je. Amma kafin ka je, ka nemi wani dattijo a cikin manoman da za ku yi aiki da su, ka gaya masa gaskiya, ka ce ubanka ya zalunci wani mutumin ƙasarsu, kana son kalmar da babba yake faɗa in ya zo neman gafara da gaske. Kada ka ɗauko ta daga littafi, littafi ba zai gaya maka ko ta wanda ya taka ƙafar wani a kasuwa ce ba. Ka maimaita a gabansa har ya ce ta yi. Sannan ka tsaya gaban Ramanu ka ba shi hoton, ka faɗe ta da sunana, ka ce masa gidanmu bai taɓa ƙin sa ba, ni ne ban tambaya ba. In ka tarar ya rasu, ka faɗa wa matarsa da ɗiyansa, don na tabbata ya ba su labarin yadda ya zata.

Duk abin da ya amsa maka, ko da kana ganin ka gane, kada ka fassara da kanka. Ka tambaye shi abin da yake nufi, ka rubuto mini shi yadda ya faɗa, harafi da harafi. In ya ƙi, ina da ƙarfin ji. Ka rubuto mini kalmar ita ma, ina so in iya faɗarta da bakina kafin in mutu.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare maka sallarka da cikinka. Allah ya buɗe maka kunne, ya sauƙaƙa maka harshe, ya raba ka da halin ubanka. Ya dawo muna da kai muna raye, in kuma ya ƙaddara ba haka ba, ka isar da saƙon nan duk da haka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Usmanu Malamin Gona.